Sammore da Rigar Sarkin Ƙofa

Dalilin da ya sa sammore ke kama saniya ya sake ta, a ce ta warke, bayan 'yan kwanaki kuma ya dawo kamar wanda ya manta takalminsa, shi zan gaya muku yau, tunda ubanku bai sani ba, bai kuma tambaya ba. Shekaranjiya ya ga san nomansa ya tashi ya ci harawa, nan da nan ya ɗora masa karkiya, ya aika wa malamin dabbobi cewa kada ya wahalar da babur ɗinsa. Yau ga shi can kwance a gindin tsamiya ido na zubar da ruwa, uban naku na tsaye a kansa yana mamaki. Ku matso da ƙwaryar gyaɗar nan. Kunne ke jin labari, ban ce hannu ya huta ba. Ke Ladiyo, na ga wadda kika jefa a baki.

A zamanin da, sammore ba ciwo ba ne da za a ta da mutum daga zaune dominsa. Kwana uku saniya za ta yi tana jin jiki, rana ta huɗu ta miƙe ta koma kiwo, shi ke nan. Mura ma ta fi shi daraja.

A lokacin akwai wata mata ana ce mata Tabawa, a wani ƙauye da ke bakin kurmi. Mijinta ya rasu ya bar mata 'ya'ya uku da saniya ɗaya mai farin goshi, don haka ake kiran saniyar Goshi. Nonon Goshi shi ne tuwon gidan, shi ne miyarsa, shi ne sabulun wanki. In Goshi ta faɗi, gidan Tabawa ya faɗi. A shekarar da nake ba ku labari kuwa Goshi na da ciki.

To, abin da ba ku sani ba, duk da takalman makaranta da ake saya muku, cikin kowace saniya akwai gari. Sunansa Birnin Jini. Titunansa jijiyoyi ne, jan ruwa ke gudu a cikinsu ba tsayawa. Mafi yawan mutanen garin jajayen 'yan dako ne, masu ɗaukar abinci da numfashi daga wannan unguwa zuwa waccan, ba surutu, ba hutu. Sai kuma farare, su ne masu gadi. In garin ya zauna lafiya saniya ta yi ƙiba. In saniya ta mutu kuwa, duk wanda ke ciki ya tafi tare da ita, daga mai sarauta har mai shara.

Shugaban masu gadin da ke cikin Goshi shi ne Sarkin Ƙofa Cindo. Yatsa shida gare shi a hannun dama, kuma ya ɗauka an ƙara masa na shidan ne don ya fi kowa. In zai yi magana sai ya ɗaga hannun, ko da kuwa ruwan sha zai nema.

Masu gadin nan suna da wata tarbiyya da suke ji da ita: ba sa kallon fuskar mai babbar riga. In mutum ya tunkaro su da riga, sai su sunkuyar da kai su dubi bakinta, da shi suke gane kowa. Ni ban ce sunkuyar da kai laifi ne ba, da ma ku kun iya. Amma yaro a gaban babba daban, mai gadi a bakin ƙofa daban.

In wani ya yi ɓarna a gari, sai su yago ƙyalle daga tufarsa su kai wa wata tsohuwa mai suna Yalwa. Aikinta ƙera ƙarangiya. Ba irin wadda ke kama muku zane a hanyar gona ba, wadda ba ta zaɓe. Ta Yalwa, kowace da tufar da aka yi ta dominta, ba ta kama wata. Sai ta zauna da ƙyallen ta ƙidaya zarensa, ta dubi rininsa, ta lanƙwasa ƙaya daidai da saƙar. Kwana bakwai aikin ke ci, ko wa ya tsaya a kanta. In ta gama a watsa ƙarangiyar a tituna, ruwa ya kwashe ta, ta bi ta manne wa duk mai sanye da irin tufar nan. Sauran aiki kuma na mahaɗiya ne, wasu ƙatti masu tumbi da ke zaune a unguwar Saifa. Su ba sa tambaya. Duk wanda suka gani da ƙarangiya a jiki sun haɗiye shi, bincikensu gyatsa ce.

Shi kuwa Sammore wani ɗan siriri ne, kamar zaren da ya kuɓuce daga allura, da wata 'yar bulala a jikinsa da yake kaɗawa yana iyo. Ba gona, ba sana'a, abincin da ke kan 'yan dako yake wawura. Ba ma da ƙafarsa yake zuwa ba. Tsando, ƙudan nan mai cizon shanu, shi ke goyo shi daga kurmi, in ya kafa baki a fatar saniya ya sauke shi a ciki. Ba ya aure kuma. In ya ƙoshi sai ya tsage biyu, biyun su tsage huɗu, ba shaidu, ba goro, ba raɗin suna. Irin wannan zuri'a me za a sa rai da ita?

Tufarsa a duniya bante ɗaya ne baƙi, irin na ubansa da kakansa. Ƙarangiyar banten nan kuwa tana nan cike da tulu a ɗakin Yalwa tun zamanin kakarta, ba sai an jira kwana bakwai ba. Da ya shigo sai a buɗe tulu, mahaɗiya su yi kalaci. Ba wanda ya taɓa tsayawa ya dubi fatar jikinsa, tunda banten ya isa.

Wata rana da damina Goshi ta gangara rafin bakin kurmi shan ruwa, tsando ya cije ta a wuya. Sammore ya shiga ya fara tsage-tsagensa. Aka buɗe tulu yadda aka saba, cikin kwana uku aka haɗiye su kaf, saura babbansu guda ɗaya da aka kama da hannu a wani lungu. Da an miƙa shi unguwar Saifa, da yanzu ba ni da labarin da zan ba ku, ubanku kuma yana gona.

Amma a makon nan aka kawo wa Cindo sabuwar riga, kore ce mai sheƙi, ta sha bugu, ga aiki a wuya har ƙirji. Kwana huɗu yana neman dalilin sa ta bai samu ba, ba biki, ba suna, ba wanda ya mutu. Sai ya ce a tara jama'a a dandali, zai yanke wa ɓarawo hukunci a gaban kowa, don na baya su ji tsoro. Wane na baya? An haɗiye su duka.

Yalwa ta zo da ƙarangiya ɗaya a tafin hannu, ta ce masa ya bari ta manna wa ɗan banzan nan a wuce wurin, tana da jiƙo a kan wuta. Cindo ya ɗaga hannun nan ya ce, "Iya, ki bari a yi abu cikin tsari. Mulki ba dakan gero ba ne."

Aka taru. Cindo ya fito yana taku ɗaya-ɗaya don rigar ta samu lokacin sheƙi. Aka gurfanar da Sammore, aka tambaye shi ko yana da abin faɗa kafin a haɗiye shi. Sai ya durƙusa, ya dunƙule hannu ya yi jinjina, ya ware murya:

"Cindo na ƙofar gabas, mai yatsa shida,
Biyar na damƙar ɓarawo, na shida na nuna masa kabari.
Ƙofar da ka tsare, iska ma sai ta yi sallama,
Ta tsaya a waje har a amsa mata."

Tun da aka haifi Cindo ba wanda ya taɓa wasa shi. Uwarsa ma in ta kira sunansa, aike ne. Ya ji kansa ya yi wani irin girma, ya ce a maimaita masa wurin iskar nan. Aka maimaita. Ya ce a ƙara. To kun san al'adar manya, in maroƙi ya taɓa musu zuciya, riga suke tuɓewa su yafa masa. Cindo ya kama koren nan da bai yi rabin yini da ita ba, ya cire, ya lulluɓa wa mai laifi. Ta rufe shi ruf, daga wuya har bakin bulala, ya ja wuyan rigar ya rufe fuska.

Mataimakin Cindo ya ga in ya tsaya haka za a ce shi marowaci ne. Ya yi gyaran murya, Sammore ya juya ya wasa shi, shi ma ya tuɓe tasa. Na uku ya matso. Kafin azahar layi ya kai bakin kasuwa. Wani gemunsa aka yaba, wani tafiyarsa. Akwai wanda aka rasa abin yabo a jikinsa, sai aka yabi tarinsa, aka ce ko aradu ba ta kai shi ba, ya tuɓe riga har da hula. Riguna suka yi tsibi sun fi rumbu tsawo, waɗanda suka ƙidaya sun ce sun haura dubu. Masu gadin gari guda suka tsaya daga su sai 'yar shara, kowa na murmushi.

Yalwa ta kutsa ta jefa ƙarangiyarta. Ta sauka a kan koren ta zame ta faɗi ƙasa, don ba dominta aka yi ta ba. Ta ce a ɗaga rigar ta samu banten. Ba wanda ya motsa. Ai yanzu mai babbar riga ne, duk sun sunkuyar da kai suna kallon ƙasa cikin ladabi. Cindo ya ce ba a haɗiye maroƙi ranar da ya yi waƙa, a sallame shi ya bar gari. Aka sa 'yan dako, waɗanda ya kwana uku yana ƙwace wa abinci, suka ɗaukar masa ƙunshin rigunansa, aka yi masa rakiya har kwanar Hanta, aka ce ya gai da gida.

Wane gida? A bayan Hanta ya sami lungu ya sauke kaya. Ya naɗe koren Cindo ya sa a can ƙasan ƙunshi, ya zaro wata ruwan ɗorawa ya saka. Ya ci ya ƙoshi ya tsage biyu, rigar ta tsage tare da shi ta cike kanta, kowane ɗa kuma ya gaji ƙunshin kaf. Kafin kwana biyar tituna sun cika da masu riga ruwan ɗorawa, suna wawurar abinci, masu gadi na durƙusa musu suna yi musu barka da hantsi.

A waje Goshi ta ɗauki zazzaɓi, ta daina tuƙa, nono ya ja baya. Tabawa ta ce sammore ne, kwana uku ne. Kwana uku suka wuce, biyar suka wuce.

Da ƙyar wani mai gadi ya rufe ido ya yago ƙyalle, yana yi yana neman gafara. Yalwa ta zauna aiki. Ran kwana na shida, babban Sammore, da ya san lissafin tsohuwar sarai, ya kira 'ya'yansa ƙalilan ya ce su tuɓe ruwan ɗorawa su sa tsanwa. Sauran ya bar su da tasu, bai ko gaya musu ba. Uba ke nan. Ran na bakwai aka watsa ƙarangiya, mahaɗiya suka ci har suka kasa tashi, ba a bar mai ruwan ɗorawa ko ɗaya ba.

Cindo ya sa aka buga ganga, aka yi shelar cewa an gama da abokan gaba har abada. Aka dafa abinci, aka shimfiɗa tabarmi. Wasu baƙi masu riga tsanwa suka zo taya murna, aka ga manyan mutane ne, aka zaunar da su a sahun gaba, aka fara zuba musu.

A waje Goshi ta miƙe ta ci ciyawa. Tabawa ta dama fura ta raba sadaka, ta bi gida-gida tana cewa saniya ta warke. Ita dai ba ta da laifi, a kanta aka fara, ba ta da wata tsohuwa a gida da za ta gaya mata. Wasu kuwa suna da ita.

Bayan mako guda tsanwa ta cika gari, Goshi ta sake kwantawa. Aka yago ƙyalle, aka yi kwana bakwai, aka haɗiye, aka buga ganga, masu rigar saƙi suka zauna a sahun gaba. Bayan saƙi rigar tsamiya, bayan tsamiya wata fara mai ratsin ja. Kowane karo Cindo sai ya sa a rataye tsohon ƙyallen a zaurensa don baƙi su ga yawan yaƙin da ya ci. Kuma gaskiya ne, duk rigar da aka taɓa kamawa ba ta ƙara shiga gari ta kwana. Masu gadin ba su da mantuwa. Sun san rigar jiya kamar tafin hannunsu, ta yau ce dai suke yi wa sannu da zuwa.

Yalwa ta daina jiƙo, ta daina zuwa suna, yatsunta suka farfashe. Ta matsa har ta riƙa fitar da ƙarangiyar farko tun ran kwana na biyar, 'yan kaɗan, ko za ta riske su kafin su sauya. Sai ta ga abin da ya ɗaure mata kai. Ƙarangiya za ta manne a kafaɗar Sammore, kafin mahaɗi ya juyo da tumbinsa, ta ɓace.

Ta bi su a hankali har ta gane. Ashe Sammore ya ɗinka aljihu a bayan kowace riga, daidai gindin bulala. Ba ya tsayawa, kullum iyo yake yana sa kai gaba, ruwa na bugun jikinsa yana tura duk abin da ya manne zuwa baya. Da ƙarangiya ta kai bakin aljihu sai ya zuƙe ta ciki tare da ɗan yankin rigar da ta kama, ya ɓamɓare ta ya tauna, ya wanke yankin, ya buge shi, ya mayar inda yake. Yini yake yana haka, rigarsa ba ta rabuwa da wanki, ba kuma inda ya bari a buɗe. Sai in ƙarangiyar ta zo da yawa lokaci guda, ta fi ƙarfin aljihun, sannan ake samun sa. Ɓarawo ne, matsiyaci ne, amma ban taɓa jin an bi shi da tsumagiya kafin ya wanke rigarsa ba, ba kamar waɗansu da nake kallo yanzu ba.

Yalwa ta yi ta lissafi cewa riga dubu ma ai tana ƙarewa. Ba ta san ya koyi ɗinki ba. In ya ga ƙunshi na raguwa, sai ya yanke hannun wannan ya haɗa da wuyan waccan, ya fito da abin da ba a taɓa gani ba.

Abu ya ƙara lalacewa ta wani gefen. Rinin rigunan nan yana zuba, in Sammore ya goga jikin ɗan dako sai ya bar masa shafi. Ƙarangiya ta ga launin da ta sani ta manne wa bawan Allah, mahaɗiya su haɗiye shi da kayansa a ka. Cindo kuwa a ƙidaya masa yawan waɗanda aka haɗiye ya ce aiki na kyau, bana an fi bara. 'Yan dako suka yi ta raguwa, unguwanni suka fara kwana ba abinci. A waje dasashin Goshi ya yi fari fat, haƙarƙari suka fito ana ƙidayawa daga nesa, gashin jela ya zube. Tabawa ta kai inda take tatsa ta rasa abin da zai rufe gindin ƙwarya, 'ya'yanta suka koma shan kunu tsurarsa.

Yalwa ta ga in ta ci gaba da bin riga, garin zai ƙare kafin rigunan su ƙare. Ta tuna bakin aljihun nan, nan ne kaɗai hannu zai iya kamawa. Sai ta tafi unguwar Kunne, inda titi ya matse har mutum biyu ba sa wucewa tare, ta sami gefe ta zauna. Kwana uku tana nan. Ran na huɗu da hantsi sai ga babban Sammore ya taho. Ta bari ya gota, ta cusa hannu biyu a aljihun ta riƙe gam. Ya yi fizga, ya yi murɗa, ya zabga mata bulala a fuska, ba ta saki ba. Hannunta biyu duk suna riƙe, ba ta da na ukun da za ta ɗaga riga. Masu gadin da ke wurin ta ce su taimaka, suka dubi ƙasa suka ce sai da izinin Sarkin Ƙofa. Ta ce to a kira shi.

Sai da ya yi wanka ya naɗa rawani. Ya iso da jama'a a bayansa, abin da ya rage na jama'ar.

Yalwa ta ce, "Cindo, ni na yi goyonka, ka yi mini fitsari a baya ba sau ɗaya ba. Tun da aka naɗa ka ban roƙe ka komai ba. Ɗaga rigar nan in ga fatarsa sau ɗaya tak. Ba a sauya fata. In na ƙera ƙarangiyar fatarsa, ko riga dubu goma gare shi ya gama yawo."

Maganar ta shige shi, ban hana shi wannan ba. Ya matso, ya miƙa hannun nan mai yatsa shida, ya kama bakin rigar. Sai ya ga sheƙi. Ya ɗaga ido kaɗan ya ga aikin wuya. Korensa ce. Ashe Sammore ya hango tsohuwar tun ranar da ta zauna, da zai fito da safen nan ya tono ta daga ƙasan ƙunshi.

Sammore bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ranka ya daɗe, taka ce, karɓi abarka. Ni dai maroƙi ne, abin da ido ya gani shi baki ke rerawa. Gobe in an tambaye ni ina rigar da Sarkin Ƙofa ya ba ni, sai in ce ya biyo ni har lungu ya tuɓe ta da hannunsa."

A garin nan ba a taɓa jin babban mutum ya yi kyautar riga ya karɓe ba. Wanda ya yi haka, jikokinsa ma da waƙar za a yi musu rawa. Cindo ya waiga ya dubi mutanensa, su kuma suna kallon yatsun ƙafarsu.

Yalwa ta ce, "In saniyar nan ta faɗi, wa zai rage ya ji waƙar?"

Tambaya ce mai sauƙi, ko Ladiyo za ta amsa ta. Cindo ya daɗe yana tunani, har aka fara zaton wani abu zai fito. Sai ya saki bakin rigar, ya shafa wurin da ya yamutsa don ya kwanta.

Ya ce, "Iya, ke sana'a kika sani, ba ki san girma ba." Ya juya ga jama'a ya ɗaga hannu. "Ku shaida. Muddin akwai ƙofa a Birnin Jini, ba mai gadin da zai ɗaga rigar mai riga ya leƙa abin da ke ciki. Ni, da 'ya'yana, da 'ya'yansu."

Aka yi tafi. Wani ma ya share hawaye, ya ce irin wannan dattako ya ƙare a duniya. Sammore ya ƙara masa baiti biyu nan take. Sannan Cindo ya ce wa Yalwa ta cire hannunta, tsohuwa kamarta da hannu a aljihun baƙo ba tsari ba ne.

Ta cire. Ta dubi Cindo, ba ta sunkuyar da kai ba, har sai da shi ya kawar da nasa. Ta koma ɗakinta ta zauna a kan tabarma ta ce a kawo ƙyalle na gaba. Me za ta yi? Aikin da ta iya ke nan, kuma ko banza yana ƙara wa garin mako guda.

Bayan kwana biyu Goshi ta haihu, 'yar maraƙa ƙarama kamar akuya. Ta samu ta sha dakashi, nonon farkon nan mai kauri. Ta cikinsa 'ya'yan Cindo da jikokin Yalwa suka bi suka shiga sabon gari, waɗannan da sana'arsu, waɗancan da rantsuwar ubansu, ba su zubar da ko kalma ɗaya a hanya ba.

Ran kwana tara Goshi ta durƙusa a bakin turke ba ta ƙara tashi ba. Tabawa ta aika a kira mahauci kafin ta zama mushe. Yana wasa wuƙa sai ga tsando ya sauka a wuyan saniyar. Sammore ya ɗaure ƙunshinsa ya hau, bai yi wa kowa sallama ba, har wanda ya ba shi riga. A daidai lokacin Cindo na dandali yana shirya bikin nasara karo na tara, ana gardamar wa zai zauna kusa da wa.

Mahauci ya feɗe ya ce wannan ba nama ba ne, ruwa ne da fata. Tabawa ta tashi da ƙirgi ɗaya da maraƙa marar uwa. Ta raine ta da ruwan dusa, ita kuma ta koma yi wa mutane dakau don 'ya'yanta su ci. Da rani ya yi ta kwashe kayanta ta bar bakin kurmin. Daga maraƙar nan shanu suka yaɗu, tsando kuma ya yi ta sauke Sammore gari-gari da ƙunshinsa. Har ɗan'uwansa mai kama mutane, wanda ke sa ciwon barci, a wurinsa ya ari riguna.

To shi ya sa har yau ɗin nan da muke ɓarar gyaɗa, in sammore ya kama dabba sai ka ga ta kwanta ta tashi, ta kwanta ta tashi, tana ramewa. Kwanakin da ta kwanta, jikokin Yalwa ne ke ƙidayar zare. Ranar da ta tashi ta ci harawa, ganga ake bugawa a ciki, baƙi na zaune a sahun gaba da sabuwar riga. Malamin dabbobi da bakinsa ya ce mini sauran cututtuka ana yi musu allura tun kafin su zo, wannan kuwa an rasa, don ba a san da wace zai shigo ba. Sai dai in ya shiga a bi shi da allurar da ke kashe shi, ita ba ta jin waƙa, ba ta kuma sunkuyar wa kowa da kai.

Ke Ladiyo, karkaɗe zanenki ki je gindin tsamiya. Ki durƙusa, ki ce wa ubanki na ce ya cire karkiyar nan daga kusa da dabbar, ya aika a kira mai babur yau, ba gobe ba. In ya ce miki ai shekaranjiya ya ci harawa, kada ki mayar masa da magana, ba tarbiyya ba ce. Ki dawo ki miƙo mini sandata, ni zan je in gai da Sarkin Ƙofa da kaina.